Kaskon Finikiyawa Mai Ƙarnin Kifi

Ranar Talatar makon Ista, Sufeto Gesuino Cabiddu bai ko kurɓi kofinsa ba wayar ofis ta yi ƙara. Dakta Tronci ce, shugabar wurin tarihi na kan Tudu, kuma daga jin muryarta sai ka rantse gawa aka tsinta.

"Sufeto, an kashe ni! An sace kaskon!"

"Wane kasko, Dakta?"

"Kasko nawa gare mu? Kaskon Finikiyawa mana!"

Mu mutanen Gonnosedda abu biyu muke taƙama da su a duk faɗin tsibirin Sardiniya: tudun nan, da tsegumi. A kan tudun akwai kufan garin da Finikiyawa suka gina tun kafin kakan kakan kowa. Ga ragowar katanga, ga kaburbura a ƙarƙashin ƙasa, ga kuma ɗan ɗaki a bakin ƙofa inda ake nuna wa baƙi abin da aka haƙo. Sarkin kayan ɗakin shi ne wani jan kaskon yumɓu mai faɗi, wanda Jamusawa ke tsallako teku su tsaya a gabansa suna gyaɗa kai.

Kofur Lampis ya tayar da mota, suka hau tudu.

Abin da Sufeto ya fara gani ya ɗaure masa kai. Akwatin gilashi na nan a kulle, ba a fasa ba, ba a ɓalle ba. Kuma ga jan kasko zaune a ciki abinsa.

"To ai ga shi nan, Dakta."

"Ba shi ba ne! Dubi ƙasa!"

Ya duba. Tururuwa ce ta yi layi tun daga bakin taga, ta bi ƙafar akwatin, ta shige ta wata 'yar kafa, ta cika kaskon tana hidimarta. Dakta ta buɗe gilashin. Ƙarnin kifi ya bugi hancin Kofur har ya ja da baya.

"Finikiyawa na cin kifi ai," in ji Kofur.

"Kofur, je ka duba ko mota na nan," in ji Sufeto. Ya juyo ga Dakta. "Tun yaushe wannan yake ciki?"

Fuskarta ta yi ja. "Ban sani ba. Wata baƙuwa ce ta nuna mini tururuwar ɗazu. Jiya ma na tsaya a gabansa na yi wa ɗalibai doguwar lacca, har suka tafa mini."

Sufeto ya ɗauki kaskon ya jujjuya. Irin na kasuwa ne, tsoho, bakinsa ya taɓa ɓantarewa an liƙe da gam. Wani abu ya ɗan sosa masa rai game da liƙin nan, amma ya rasa mene ne.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai mai gadi, Bachis. Nawa kuma a wuyana yake kwana." Ta share hawaye. "Na riga na kai rahoto ma'aikata a Cagliari, babban birni. Sun ce kafin Juma'a ko dai a kawo kasko, ko a kawo ɓarawo. Kuma sunan Bachis suka rubuta."

Sufeto ya ajiye kaskon a hankali. Tziu Bachis, wato Baffa Bachis, aminin marigayi babansa ne. Tare suka yi leburancin haƙar tudun nan suna samari, kuma shi ya riƙe Gesuino ranar baftisma. Tsohon tuzuru ne, ba mata ba ɗa, tudun nan shi ne gidansa da danginsa. Raba shi da wurin, balle a kai shi gidan yari, daidai yake da binne shi da rai.

Ya same shi a ɗakin gadi yana goge tebur ɗin da ba datti a kansa.

"Tziu, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗana. Wato, ranka ya daɗe. Wato, Sufeto."

"Makullinka ya taɓa barin jikinka?"

"Ko sau ɗaya."

"Wani ya taɓa kawo maka ziyara nan?"

"Wa zai ziyarce ni? Sai iska."

Sufeto ya kalli kwandon da ke kan taga, an rufe shi da farin ƙyalle mai aikin allura. Iska dai ba ta ɗinki. Ya leƙa bayan ƙofa, ya ga butar ban-ruwa, bakinta na ɗiga.

"Me kake shayarwa a kan tudun da ko ciyawa an hana ta fitowa?"

Tziu Bachis ya kalli butar kamar yau suka fara haɗuwa. "Ƙafata nake wankewa."

"Da butar lambu?"

"Ta fi ruwa mai laushi."

Sufeto ya dubi tsohon. Ya lura da jar ƙasa a gwiwoyin wandon tsohon, irin wadda ake samu a ƙarƙashin tudu kawai. Mutumin da bai iya ƙarya ba in ya gwada abin tausayi ne, kuma Sufeto ya fita zuciyarsa a jagule.

A gindin tudu akwai rumfar Tzia Raimonda, wato Gwaggo Raimonda, mai sayar wa baƙi ruwan sanyi da pardula, 'yar wainar cukun nan ta Ista. Ko ƙadangare ba ya hawa tudun ba ta gan shi ba.

"Tzia, kin ga wani baƙon motsi a 'yan makonnin nan?"

"Ni? Ni ba na kallon mutane, Gesuino. Sana'ata nake yi."

"To shi ke nan." Ya juya zai tafi.

"Sai dai fa," ta ce da sauri, don ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba, "akwai wata da mijinta bai shekara a ƙasa ba, ta tsiri kai wa tuzuru abinci a kwando. Da girmanta! Ba zan faɗi suna ba, ni ba 'yar gulma ba ce."

"Ko kamanninta?"

"Ban gani ba. Ai na ce maka ba na kallon mutane." Ta gyara ɗankwali. "Af, ka gaida uwarka. Ka ce mata bana ma kada ta wahalar da kanta da nenniri. Nawa ya fito fari tas kamar gashin jariri."

Dole a nan Sufeto ya yi murmushin yaƙe. Kowace mace a garinmu, in azumi ya raba, tana shimfiɗa jiƙaƙƙiyar auduga a kasko, ta watsa alkama, ta tura ƙarƙashin gado inda ba haske. Alkamar sai ta tsiro fara sol, a ɗaure ta da ƙyallen ado, a kai coci ranar Alhamis. Shi ne nenniri. Fada, limamin cocinmu, yakan ce ba gasa ba ce, ibada ce. Duk garin kuwa ya san gasa ce, kuma Raimonda ce ke lashewa, don ɗakinta ba taga. Na Tzia Liberata, uwar Sufeto, kullum sai ya ɗan yi kore a baki, kuma kullum sai Raimonda ta yi mata jaje da ƙarfi a tsakiyar coci.

Ranar Laraba ya je gida cin abincin rana, kamar yadda ya saba. Ya tarar da Mama tana ta murza ƙullu, tana 'yar waƙa. Rabon da ya ji ta yi waƙa tun kafin rasuwar babansa.

"Ka rame," in ji ta. "Gwamnati ba ta ciyar da ku ne? Zauna."

Ba shi ne ya rame ba. Wanda ya rame shi ne Minista, ƙaton magen gidan, wanda ta raɗa wa sunan don ci kawai ya iya. Yana zaune a lungu ya juya wa wani farantin roba baya, ga kan kifi a ciki bai taɓa ba.

"Me ya sami Minista?"

"Girman kai. Ya ce shi ba ya ci a roba."

"Ina kaskonsa?"

"Ya fashe."

"Wanda Baba ya liƙe wa baki da gam?"

Hannunta ya tsaya cak a cikin ƙullu, sannan ya ci gaba. "Shi. Ci abincinka, yana hucewa."

Ya ajiye cokali. Ya ce zai wanke hannu, ya zarce tsohon ɗakinsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado. Tun yana yaro a nan nenniri ke kwana, har yakan sha duka in ya ɗaga zanin gado. Yau ba komai sai ƙura. Amma a kan gadon ga ƙyallayen ado ja da rawaya, an goge su, an jera.

"Mama, ina nenniri ɗinki na bana?"

"Ban shuka ba. Ina makoki."

"To waɗannan ƙyallayen fa?"

"Laifi ne mace ta yi guga a gidanta? Kai, Gesuino, ni kake wa tambayar 'yan sanda? Ni da na wanke maka gindi?"

Ya koma ofis a ƙafa, duk da rana. Bai gaida kowa a hanya ba, abin da garin ya tattauna har yamma.

A ofis ya tarar da Kofur Lampis baki har kunne. A kan benci ga Tziu Bachis cikin kwat ɗin zuwa coci, ya rungume 'yar jakar kaya.

"Ranka ya daɗe, an gama!" in ji Kofur. "Ya kawo kansa. Ya amsa laifi."

"Ni na ɗauka," in ji tsohon, idonsa a ƙasa. "Na sayar wa wani Bajamushe."

"Yaya kamanninsa?"

"Dogo. Wato gajere. Yana da hula."

"Kai ka sa kaskon kifi a gilashi?"

"Ni ne. Ina son kifi."

Sufeto ya zauna ya dafe kai. Ga mafita an kawo masa har tebur. In ya sa hannu, Cagliari ta sami ɓarawonta, ba wanda zai sake tambayar inda kaskon mage ya fito. Tsohon zai mutu a ɗaki mai ƙarfe, Mama kuma ta ci Istarta a gida. Ya ji kunyar kansa da tunanin ya daɗe a ransa har haka.

Ya miƙe. "Kofur, kawo manyan tociloli. Za mu bincike kaburburan nan ɗaya bayan ɗaya, mu haska kowane lungu."

Tziu Bachis ya zabura har jakar ta faɗi. "Ban da tocila! Don Allah ban da haske, Gesuino! Saura kwana ɗaya, zai yi kore!"

Kofur ya sosa ƙeya.

"Bajamushen ne zai yi kore?" in ji Kofur.

Tsohon ya koma ya zauna a hankali, ya rufe fuska da hula.

"Wane kabari, Tziu?"

"Na ƙarshe. Wanda na ce wa Dakta rufinsa na zubar da ƙasa." Ya ɗago jajayen idanu. "Gobe da safe za ta zo ɗauka. Ka bar ni na tafi a madadinta. Ni ba wanda zai yi kewata."

"Ni zan yi," in ji Sufeto. "Tashi ka koma bakin aikinka."

Da hantsin Alhamis Sufeto da Dakta Tronci suka sauka matakalar kabarin ƙarshe, suka tsaya a cikin duhu da sanyi. Da idonsu ya saba, sai suka hango wani abu fari a kan dakalin dutse, yana ɗan haske shi kaɗai. Dakta ta kama hannun rigarsa. Jan kaskon ne, kuma a cikinsa alkama ta tashi tsaye, cunkus, fara fat, ko ɗigon kore babu.

Ba su daɗe ba suka ji taku da haki, da ƙorafi a kan gwamnatin da ba ta iya gina matakala ba. Tzia Liberata ta shigo da kwando, Tziu Bachis na biye da ita kamar wanda za a yanka.

Ta ga ɗanta. Ba ta ko razana ba.

"Ka makara," in ji ta. "Da babanka ne tun Talata ya gane. Riƙe mini kwandon nan."

"Mama, ke kika ɗauki kaskon gwamnati?"

"Ni na ɗauka. Wa kake zato? Wannan?" Ta nuna Bachis da haɓa. "Wannan ko ƙwai bai iya sata ba. Taliya na kai masa da giya kofi biyu, ya yi barci baki buɗe, na zare makullai. Sai daga baya ya gano, ya zo yana mini kuka. Na ce to tunda ka gani, ka riƙa ba shi ruwa, gwiwata ba ta son tudu."

"Kin san shekarun abin nan?" in ji Dakta. "Kin zuba masa ruwa! Ruwa!"

"'Yata, kasko ne. Wanda ya gina shi ba don a kalla ya gina ba."

"Duk don ki kayar da Tzia Raimonda?" in ji Sufeto. "Don wannan kika kusa tura Tziu gidan yari?"

Ta zaro jan ƙyalle ta fara zagaya alkamar da shi, a hankali.

"Raimonda riba ce kawai," ta ce. "Babanka ne ya haƙo kaskon nan. Bachis shaida ne. Da yamma ne, manyan sun riga sun sauka gari, ga hadari ya haɗo. Sai ya cusa shi a riga ya kawo gida. Ina da cikinka a lokacin. Ya kwana a kan teburinmu, ni na share masa ƙasa da hannuna. Na ce, Nicolino, wannan ai na nenniri ne, bar mini shi Ista ɗaya. Ya ce na hukuma ne, amma wata rana zai roƙa mini aro. Kullum wata rana. Har aka sa shi a rami bara yana wata rana." Ta ɗaure ƙyallen. "To bana na gaji da jira. Gobe da na mayar musu da abinsu."

Tziu Bachis ya fyace hanci da ƙarfi. Sufeto ya kalli rufin kabarin, wanda ba ya zubar da komai.

Dakta ta durƙusa tana duba kaskon ta ko'ina. Can ta ce, "Saiwar ta kama yumɓun. In aka fizge za ta taho da fatarsa. Kada wanda ya taɓa, sai ta bushe da kanta." Ta ƙara kallonsa, muryarta ta sauka. "Kullum a gilashi nake ganinsa, wayam. Ban taɓa ganinsa da abu a ciki ba." Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Bachis zai ci gaba da aikinsa, ni zan tsaya masa. Amma rahoto ya riga ya tafi, Sufeto. Ba zan iya janyewa ba."

"Na sani." Ya gyara hularsa. "Liberata Cabiddu, na kama ki da laifin ɗauke kayan tarihi."

"Madalla. Ɗauki kaskon, ka rufe da baƙin zanen nan. Hannu biyu, kar ka karkata."

Doka ta ce kayan shaida ba ya barin hannun jami'i har sai an kai ofis. Hanyar ofis kuma ta gaban coci ta bi, wannan ba laifin kowa ba ne. Da suka iso dandali a mota ana ta kaɗa ƙararrawa, mai laifi ta ce a tsaya.

"Fursuna ba shi da ikon yin addu'a ne a ƙasar nan?"

Kofur ya kalli Sufeto. Sufeto ya kalli titi. Kofur ya taka birki.

Cocin ya cika maƙil. Mata sun jera kasakensu a gaban bagade, na Raimonda a tsakiya, ita kuma tana gefe tana karɓar yabo da sunkuyar da kai. Sai ga Tzia Liberata ta ratso tsakiya, ɗanta na biye cikin kaki ɗauke da abu a rufe. Da suka kai gaba ta yaye zanen.

Aka ja numfashi gaba ɗaya. Kusa da wannan, na Raimonda sai ya zama kamar ciyawar bakin rafi. Fada ya buɗe baki zai ce ba gasa ba ce, ya duba, ya rufe.

"Sannu, Raimonda," in ji Liberata da ƙarfi. "Naki ya ɗan yi kore a baki. Haske ne ya shiga?"

Sufeto bai iya ajiyewa ba, doka ta hana. Haka ya tsaya a gaban bagade, ƙato da shi, rungume da kaskon a ƙirji har aka gama addu'a. Mama ta ɗago daga durƙuso ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Haka babanka ya riƙo shi," ta ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji. "Daidai haka."

Ya ƙara rungume kaskon.

A waje duk garin ya yi cincirindo a jikin mota. Kofur ya karɓi kaskon, Sufeto ya buɗe ƙofar baya.

"Shiga, Mama."

Ba ta shiga ba. Ta miƙo hannayenta biyu a haɗe.

"Ina ankwa?"

"Haba, Mama. Ba sai an..."

"Raimonda na kallo. So kake gobe a ce ɗan Nicolino bai san aikinsa ba? Sa mini."

Ya zaro ankwar, ya sa mata ita a karkace. Ita ta gyara masa, ta danna da kanta har ta ce ƙyas. Sannan ta ɗaga hannayen sama yadda na bayan layi ma za su gani, ta shiga mota ta zauna kai a miƙe.

"Kuma ka gaya wa Dakta ta dawo wa Minista da kaskonsa," ta ce ta taga. "Shi bai saci komai ba."